Wai kishi ko hassada? Bari mu tambayi harshen Cek



Yau kalma ɗaya za mu ɗauka, wato kishi, mu kai ta Jamhuriyar Cek da ke tsakiyar Turai, mu ga da me za a tarbe ta a can. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da harshen mutanen da ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba, waɗanda da yawanmu a ƙwallo kawai muke jin sunan ƙasarsu? Ka yi haƙuri ka biyo ni. Idan kullum da Ingilishi kake auna Hausa, duk inda Ingilishi ya karkace kai ma can za ka karkata, kuma ba za ka ankara ba. Sai an kawo harshe na uku sannan karkatar take fitowa fili. Za mu riƙa kiran harshen nan Cekanci, kamar yadda muke cewa Jamusanci da Rashanci.

Ga abin da ya kawo maganar. Ka duba irin rubutun da ke yawo a Facebook da WhatsApp:

"Tun da na sayi mota suke kishina."
"Masu kishi, sai dai ku mutu."
"Kada ka yi kishin nasarar ɗan'uwanka."

Karanta wa kakarka waɗannan ka gani. Za ta tambaye ka, su wa ke kishinka, kai da ko aure ba ka yi ba? A bakinta, abin da ake yi wa mai sabuwar mota sunansa hassada, ko baƙin ciki, ko ƙyashi. Daga ina wannan sabon kishin ya fito? Mafi yawa daga kalmar Ingilishi jealous, wadda Turawan yau ke amfani da ita ga mijin da ke tsaron matarsa, su kuma yi amfani da ita ga maƙwabcin da motarka ta tsone wa ido. Ɗalibi ya haddace a aji cewa jealous ita ce kishi, shi ke nan, duk inda ya gan ta sai ya dasa kishi. Jerin kalmomin da ake yaɗawa, wannan kalma daidai take da waccan, sun ƙara wa abin ƙarfi. Na'urar fassara kuma, wadda sau da yawa ta Ingilishi take bi kafin ta iso Hausa, ta zo ta buga hatimi.

Wannan ɗabi'ar ta musayar kalma da kalma ita nake suka a yau, kuma Cekanci ne shaidata.

KAFIN MU SHIGA: YADDA ZA KA KARANTA

Ɗan alamar nan mai kama da tsuntsu a kan ž, š, č da ř sunanta háček, ma'ana ƙaramar ƙugiya. Ka ga ashe ba mu kaɗai ke da haruffa masu ƙugiya ba. Ana danganta asalin tsarin da malamin nan Jan Hus, wanda aka ƙone a 1415. Harafin š shi ne sh ɗinmu, č kuwa c ɗinmu ce. Shi ž kamar j yake amma mai laushi, irin yadda Hausawa da dama a Nijar ke furta ta. Ř gauraye ne na r da ž a lokaci guda, kada ka wahalar da kanka, yaran ƙasar ma sai sun sha fama. Karan da ke kan wasali, kamar á ko í, dogon wasali yake nunawa. A wurinsu byt ɗakin zama ne, být kuwa kasancewa. Mu ma haka abin yake da ƙugiyarmu: "ina jin kishi" daban, "ina jin ƙishi" daban. Na farko miji ko mata yake nema, na biyu moɗar ruwa ta ishe shi.

KALMA TA FARKO: ŽÁRLIVOST

Ita ce ƙamus zai fara miƙo maka idan ka nemi kishi. Aikatau ɗinta žárlit, sifarta žárlivý ga namiji, žárlivá ga mace, mutumin da ya shahara da halin kuma žárlivec. Ɗafa-ƙeyar nan -ost ita ke mai da sifa ta koma sunan hali, kusan aikin da -taka ke yi mana a jarumi da jarumtaka.

Saiwar kalmar ita ce žár, wato tsananin zafi irin na garwashi. Daga nan suka sami požár, gobara, har da žárovka, ƙwan lantarki. To ka tuna yadda Bahaushe ke faɗa: zafin kishi. Mukan ce kishi ya turnuƙe ta, kishi na cin sa, zuciyarsa na tafasa. Harsunan biyu ba su haɗa dangi ba, Hausa 'yar gidan Cadi ce, Cekanci ɗan gidan Sulab, amma duk sun ji abin nan a matsayin wuta a ƙirji.

Žárlivost mutum uku take bukata: ni, da wanda nake so, da wanda nake tsoron zai ƙwace mini shi. Abin yana hannuna, ko dai ina ganin ni na fi cancanta da shi, fargabar rasa shi ce ke ƙona ni. Miji kan matarsa, budurwa kan saurayinta, yaro kan uwarsa ranar da aka haifo masa ƙane. Duk wannan kishi ne a Hausa ba gardama.

KALMA TA BIYU: ZÁVIST

Wannan ita ce hassada. Aikatau ɗinta závidět, kuma idan ka cire ɗafa-goshin zá- abin da zai rage shi ne vidět, wato gani. Hassada a wurinsu ciwon ido ce. Kalmarsu ta ƙiyayya ma, nenávist, daga wannan saiwar ta gani ta fito, kamar dai yadda muke cewa "ko ganinsa ba na son yi". Mu hassada aro muka yi daga Larabci, amma dubi namu na gida: ganin ƙyashi, sa ido, abin ya tsone masa ido. Nan ma mun haɗu da su.

Závist mutum biyu da abu ɗaya take bukata: ni, da kai, da abin da kake da shi ni ba ni da shi. Babu wanda ake tsoron a ƙwace. Motar taka ce, ban taɓa mallakar ta ba, ganin ta a ƙofar gidanka ne ke damuna. 'Yan Cek sukan ce mutum ya kusa fashewa don závist, ko fuskarsa ta koɗe saboda ita. Mu mukan ce baƙin ciki kamar ya kashe shi, sannan mu bi shi da karin magana: hassada ga mai rabo taki ce. Gwada ka ce "kishi ga mai rabo taki ne" ka ji yadda maganar ta lalace.

Akwai ta uku da ke tafiya tare da ita, nepřejícnost. Aikatau přát na nufin yi wa mutum fatan abu, ka ji daɗi ya samu. Idan aka ce přeju ti to, ana nufin na yi maka murna, ka cancanta. Da an sa ne- a gaba sai ta juye: ba na so ka samu, ko da ni ba na bukatar abin. Wannan shi ne ƙyashi sak. Mai ƙyashi ba lallai yana son motarka ba, wataƙila yana da uku a gida. Kai ɗin ne bai so ya ga ka hau. Shi ya sa muke iya cewa "yana ƙyashin ya ba ni aron littafinsa", alhali littafin nasa ne, babu abin da zai yi wa hassada a ciki.

NAHAWU MA YA RABA SU

Nan ne ɗaliban nahawu za su ji daɗi. Cekanci yana sauya ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla, siga bakwai gare shi. Dubi waɗannan:

Petr závidí Karlovi auto.
Petr yana yi wa Karel hassadar mota.

Sunan Karel ya koma Karlovi, sigar wanda aka yi wa abu. Daidai da wa ko ma ɗinmu: yi wa, yi masa, yi mata. Hausa ma haka take gina hassada da 'yan'uwanta. A yi maka hassada, a yi maka ƙyashi, a yi maka baƙin ciki. Abu ne da ake aikawa kanka, kamar sharri.

Petr žárlí na Janu.
Petr yana kishin Jana.

Nan ginin ya sauya gaba ɗaya, an kawo harafin na, ma'ana a kan. Hausa ma ta sauya gini: ba mu ce "yana yi wa Jana kishi" ba, mun ce "yana kishin Jana". Idan ma ka ji mace ta ce wa ƙawarta "ina taya ki kishi", to tana bayanta ne, ba gaba take yi da ita ba. Ka taɓa jin an taya wani hassada don nuna masa ƙauna?

Yanzu ga inda Hausa ta fi Cekanci tsefe magana. Idan ɗan Cek ya ce Petr žárlí na Karla, da harafi ɗaya ya yi amfani, na ɗin nan dai, ga matar da ake so da kuma abokin hamayya. Sai mai sauraro ya duba yanayi ya gane wane ne wane. Mu kuwa mun raba:

Ladi tana kishin mijinta. Shi take so, shi take tsaro.
Ladi tana kishi da Talatu. Ita ce abokiyar karawa.

Kishin wane, da kishi da wane. Ɗan -n ɗin nan da da ɗin nan su suka ɗauki nauyin bambancin. Saboda haka wanda ya rubuta "tun da na sayi mota suke kishina" kuskure biyu ya yi a numfashi ɗaya. Ya ɗauki kishi a gurbin hassada, sannan ginin da ya zaɓa cewa yake yi mutanen nan son sa suke har ba sa so kowa ya raɓe shi. Ya zo zagin maƙiya ya ɓuge da ba su matsayin masoya.

MISALI DAGA DANDALINSU

Akwai wani wasan kwaikwayo na waƙe da 'yan Cek ke ji da shi, wanda duniya ta sani da suna Jenůfa. Leoš Janáček, wanda ya rayu daga 1854 zuwa 1928, shi ya tsara kiɗansa bisa wasan da marubuciya Gabriela Preissová ta rubuta, aka fara nuna shi a birnin Brno a 1904. Labarin ƙauye ne. Samari biyu 'yan uwa ɗaya, uba kowa da nasa, Števa da Laca. Števa shi ya gaji injin niƙa na gidan, shi ne ɗan gata, kuma shi Jenůfa take so. Laca yana aiki a wurin kamar ɗan ƙodago, yana kuma mutuwar son yarinyar. A ƙarshen kashi na farko ya sa wuƙa ya yanke ta a kumatu, don ya san kyan fuskar ne kawai ya riƙe Števa.

To ɗalibi, ga tambaya. Me ke damun Laca? Abu biyu ne, kuma kowanne da sunansa. Abin da yake ji game da gādo da gatan Števa závist ne, hassada. Abin da ya sa shi ɗaukar wuƙa žárlivost ne, kishi. Janáček da kansa ya tsara wani kiɗan buɗe fage don wannan wasa ya sa masa suna Žárlivost, ko da yake daga baya an riƙa kaɗa shi daban. Mai fassarar da ya bi ta Ingilishi zai iya kiran duka biyun kishi, mai karatu ya tashi bai san cewa ciwo biyu ne suka haɗu a zuciya ɗaya ba. Kuma da za ka bi labarin har ƙarshe, Laca ne ya tsaya wa Jenůfa lokacin da kowa ya guje ta, har da Števan. Mai kishi yana iya yin haka, don tun asali so ne a ƙarƙashin abin. Mahassadi ba ya yi.

Ka kuma lura, a nan namiji ne mai kishin. A Cekanci idan za a kwatanta mai tsananin kishi, da Othello ake kwatanta shi, wani namijin. Mu kuwa mun ce kishi kumallon mata, kamar maza ba su san ɗacinsa ba. Karin maganar ta faɗi inda al'adarmu ta fi zuba ido ne kawai. Wanda ya taɓa ganin saurayi ya iske wani a zauren budurwarsa ya san kumallon bai bar kowa ba.

INDA ŽÁRLIVOST TA GAZA ƊAUKAR KISHI

Kada ka ce to shi ke nan, kishi žárlivost, hassada závist, an gama. Da ka yi haka ka koma cikin ramin da muke gudu. Kishin Hausa ya fi žárlivost faɗi nesa ba kusa ba.

Ɗauki wannan jimla: "Wane ba shi da kishi." A Kano ko Zinder wannan zagi ne mai nauyi. Ana nufin bai damu da mutuncin iyalinsa ba, ko zuciyarsa ta mutu. Ka juya ta kalma da kalma zuwa Cekanci, není žárlivý, ka ga abin mamaki: ta zama yabo. Ɗan Cek zai fahimci cewa mutumin yana da natsuwa, ya yarda da matarsa, ba ya binciken wayarta. A wurinsu žárlivost aibi ce galibi, har suna da chorobná žárlivost, kishin da ya zama cuta, wanda ake kai mutum wurin likita a kansa. Mu sai mun ƙara sifa kafin kishi ya zama aibi zalla: baƙin kishi, mugun kishi, kishin hauka. Kalmar ita kaɗai tana iya zama ado. Ka ga jimla guda, fassara daidai bisa ƙamus, ma'ana kuma ta kifa.

Sai kishin ƙasa. Ɗan Cek ba zai taɓa cewa yana žárlit a kan ƙasarsa ba, sai a yi masa dariya. Kalmarsu vlastenectví ce, daga vlast, ƙasar haihuwa, mai halin kuma vlastenec. Misalinsa Josef Jungmann, wanda ya rayu daga 1773 zuwa 1847, a zamanin da Jamusanci ya danne Cekanci a makarantu da ofisoshi. Ya zauna ya haɗa ƙamus na Cekanci da Jamusanci mai juzu'i biyar, aka kammala buga shi a 1839. Mu da za mu ba da labarinsa cewa za mu yi mutum ne mai kishin harshensa, kuma babu kalmar da ta fi wannan dacewa. Su kuwa dole su nemo wata.

Sai kishin addini da kishin aiki. Nan kalmarsu horlivost ce, himma mai zafi, daga hořet, ci da wuta. Abin sha'awa, masana asalin kalmomi sun nuna žár da hořet tushensu ɗaya ne can baya. Wato wutar da Hausa ta bari a murhu guda, Cekanci ya raba ta biyu: žárlivost ga soyayya, horlivost ga aƙida da aiki. Masu fassarar littattafan addini sun sha karo da wannan. Tsohuwar fassarar Baibul ta Kralice, wadda aka buga tsakanin 1579 da 1593, ta zaɓi horlivý a inda ake siffanta Ubangiji a Littafin Fitowa, fassarar haɗin gwiwa ta 1979 kuma ta koma ga saiwar žárl- amma sai da ta jingina ta da kalmar ƙauna don kada a yi mata mummunar fahimta. Fassarar Hausa ba ta sha wannan wahalar ba, mai kishi ta wadatar. Haka malaman Musulunci idan suka zo kan kalmar Larabci gaira, da kishi suke fassara ta, kuma kowa ya san siffar yabo ce. Hassada kuwa Suratul Falaƙ neman tsari ta koya mana daga mai yin ta. Wanda ya cakuɗa kalmomin biyu ya cakuɗa abin da ake yabo da abin da ake neman tsari da shi.

Sai kishin zuci ko kishin kai, irin na yaron da ya ƙi zaman jiran a ba shi ya fita neman na kansa. Nan ɗan Cek zai ce sebeúcta, mutunta kai, ko hrdost, jin kai na ƙin wulaƙanci.

Sai gogayya tsakanin tsara, ko 'yan kasuwa masu layi ɗaya, ko matan wa da ƙane, abin da muke kira kishin sauri. Suna da kalma ta musamman, řevnivost, hamayyar da ke da ɗan ɗaci a ciki.

Lissafa ka gani: žárlivost, vlastenectví, horlivost, sebeúcta, řevnivost. Kalma biyar, duk a cikin cikin kishi guda. Me ya haɗa su a tunanin Bahaushe? Abu ne naka, ko wanda kake da haƙƙi a kansa, zuciyarka ta motsa don kada ya salwanta ko a wulaƙanta shi. Mata, ƙasa, addini, mutunci, matsayi. Hassada ba ta cikin wannan jerin ko kaɗan, domin ita a kan abin wani take.

KISHIYA FA?

Nan kam Cekanci hannu ya ɗaga. Auren mace fiye da ɗaya laifi ne a dokar ƙasar, sashe na 194 na kundin laifuffukansu, don haka babu kalmar yau da kullum ga matar mijinki. Suna da sokyně, abokiyar hamayya, amma ita wannan ko a wasan tsere ana samun ta, kuma ba ta nuna aure. Suna da druhá manželka, mata ta biyu, sai dai mai sauraro zai ɗauka ta farkon ta rasu ko an rabu. Suna da milenka, farka, wadda idan ka kira amaryar wani da ita ka yi mata ƙazafi. Idan an matsa sai a ƙera spolumanželka, abokiyar tarayya a aure, wadda ta fi kusa da abokiyar zama da matanmu ke faɗa idan ana son a sassauta.

Amma ka ga abin da ya ɓace. Kishiya daga kishi aka cire ta. Hausa ta raɗa wa matar suna da abin da ake tsammanin za a ji game da ita tun kafin ta shigo gidan. Ka yi tunanin mai fassara littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, zuwa Cekanci. Uwargida, amarya, kishiya, ranar girki, kayan faɗar kishiya, kowace sai ya yi mata bayani. Mu kuma nahawunmu ma ya ari kalmar: fari kishiyar baƙi, tsawo kishiyar gajarta. Ɗalibin Prag antonymum zai ce, kalmar da aka aro daga Girkanci, babu miji babu ɗaki a cikinta.

WANI ZAI CE...

Wani zai ce, Malam, ai harshe tafiya yake yi, idan matasa sun faɗaɗa kishi ya haɗiye hassada, wa zai hana? Kuma gaskiya ne, su 'yan Cek ɗin ma a maganar yau da kullum za ka ji an ce wane žárlí na úspěch na abokin aikinsa, yana kishi kan nasararsa. Mu ma muna cewa 'yan kasuwa na kishi da juna. Iyakar ba katanga ba ce.

Amma duba inda ake faɗar haka. Mutum biyu ne a fage ɗaya, suna neman abu ɗaya: masu saye, ko idon maigida, ko kujera. Ɗaukakar ɗaya barazana ce ga matsayin ɗayan, don haka mutum na ukun nan yana nan a ɓoye. Mai shagon da ke kusa da naka zai iya kishi da kai. Wanda kuka yi firamare tare, yana Legas kana Katsina, ya ga hoton motarka ransa ya ɓaci, wannan babu abin da kuke takara a kai. Hassada ce, a kira ta da sunanta.

Sauyin da ke ƙara wa harshe kalma ko ma'ana maraba muke da shi. Wannan kuwa ragi yake yi. Muna da kishi, hassada, ƙyashi, baƙin ciki, kowace da gurbinta, ana so a tattara su a buhu ɗaya don kawai wata kalmar Ingilishi haka ta yi. Asarar kuma ba ta tsaya a aji ba. Idan kishi ya zama sunan hassada, yaron da aka ce masa ya zama mai kishi me zai fahimta? Idan kuma hassada ta sami sunan kishi, an wanke ta ke nan, mahassadi ya sami rigar mutunci.

Akwai ma tarko a ɗaya ɓangaren. Ɗan Cek yakan ce wa abokinsa závidím ti cikin raha, idan ya ji zai tafi hutu, kuma ba wanda zai ji haushi. Kada ka fassara wannan da "ina yi maka hassada", sai a yi faɗa. Kada kuma ka ce "ina kishinka", sai a yi maka wani zato. Bahaushe cewa yake yi "kai, ka more", ko "ina ma ni ne", ko "Allah ya maimaita mana". Wannan shi ne abin da malamai ke kira gibɗa, ka so irin abin ɗan'uwanka ba tare da ka so ya rasa nasa ba.

GWAJIN DA ZA KA RIƘE

Kafin ka rubuta kishi, yi wa kanka tambaya uku.

1. Abin nawa ne, ko ina da haƙƙi a kansa, nake tsoron ya kuɓuce ko a taɓa shi? Kishi.
2. Na wani ne, ba ni da shi, ganin sa a hannunsa ke ci mini rai? Hassada, ko baƙin ciki.
3. Ko ina da shi ko ba ni da shi, shi ɗin ne ba na so ya samu? Ƙyashi.

Idan kishin ne, sai ka sake dubawa: kishin wane, ko kishi da wane?

Ga aikin gida. Gyara jimlolin nan uku da muka fara da su, sannan ka gaya mana wace kalma ake amfani da ita a garinku ga matan wa da ƙane, don na san Sakkwato da Kano da Damagaram ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba. Wanda kuma ya san wani harshe, Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci, ya faɗa mana ko kishi da hassada kalma ɗaya ce a can ko biyu.

Allah ya ƙara mana kishin harshenmu, ya tsare mu daga sharrin mahassada. Sai mun ji daga gare ku.